Ruwa Ba Ya Tsami Banza

(Kiɗan buɗe shiri)

Ina gaida manoman fadamar Wurno da Lugu da Kwargaba, da 'yan kasuwar Achida, da mutanen Rabah da Gandi da Rara, da masuntan Goronyo, da 'yan noman rani na Falaliya da Takakume da Shinaka. Iyayenmu mata da ke sauraro daga cikin gida, ina gajiya? A matso da rediyo kusa, don maganar yau ta ruwa ce, ku kuwa kun fi kowa sanin halin ruwa.

Zan yi magana ne a kan abin da haƙar kwal, wato gawayin ƙasa, ke yi wa rafi da gulbi. Na san yanzu haka wani dattijo na zaune a inuwa yana cewa, to mu ina ruwanmu da kwal, mu da muke fama da albasa da tafarnuwa da shinkafa? Gaskiyarka, Baba. Babu mahaƙar kwal a Wurno, babu a Rabah, babu a Goronyo. Shi ya sa ma na kawo maganar yanzu, tun muna da sauran zaɓi. Irin wannan ɓarna in ta riga ta kama rafi, surutun rediyo ba ya tsayar da ita.

Mu leƙa Enugu tukuna. A shekarar 1909 Turawan mulkin mallaka suka gano kwal a tuddan Udi, zuwa 1916 kuwa an shimfiɗa layin dogo daga can zuwa Fatakwal ana jigilarsa. Da wannan kwal jiragen ƙasan Nijeriya suka yi ta tafiya shekara da shekaru, har da jirgin da ke kwasar gyaɗa da auduga daga Gusau da Ƙauran Namoda. Garin Enugu kansa a kan kwal ya tashi. A ƙarshen shekarun 1950 ana fitar da wajen tan dubu 900 a shekara. Sai aka samu man fetur, jiragen ƙasa suka koma shan dizal, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 aka bar ramuka ruwa ya cika su. Harka ta yi ta ja da baya har aka rufe manyan ramukan Onyeama da Okpara. Ma'aikata suka watse, kowa ya kama gabansa.

Ruwan ramukan dai bai tafi ko'ina ba. Har gobe yana tsattsafowa, na Onyeama ya gangara kogin Ekulu, na Okpara ya nufi kogin Nyaba, ruwa mai tsami ɗauke da narkakken ƙarfe. Tun ma ana cikin aikin, tsaminsa yana cinye famfunan da ake zuƙe shi da su. Ekulu kuwa ta cikin birni ya ratsa, jama'a na wanka da wanki a cikinsa. Wanda ya ci ribar kwal ya daɗe da tafiya, wanda ke zaune a bakin kogi shi aka bar wa ruwan.

To me ke sa ruwan rami tsami? Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza, a nan kam maganar ta zauna daram. A cikin kwal, da cikin baƙin yumɓun da ke lulluɓe da shi, akwai wani ma'adini da masana ke kira fairait. Haɗin ƙarfe ne da farar wuta. Yana da ƙyalli ruwan ɗorawa, wanda bai sani ba sai ya rantse zinari ya tsinta, kuma ya sha yaudarar sababbin shiga harkar haƙa. Muddin yana binne can ƙasa inda iska ba ta kai, ba ya cutar da kowa, ko zai shekara dubu nawa. Ranar da aka fasa dutsen aka watsar da shi a sarari, iska da ruwan sama suka haɗu a kansa, ranar zai fara ci. Kowa ya san abin da ke samun garmar da aka manta a gona damina ta wuce a kanta. Haka fairait ke yin tsatsa, sai dai shi in ya yi, farar wutar da ke jikinsa takan rikiɗe ta zama asid, irin wanda ke cikin batirin mota, wanda muke ce wa ruwan batir. Akwai kuma wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda tsami ne mazauninsu, su ke ƙara wa abin gudu ninkin-ba-ninkin.

Tsamin kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Duk dutsen da ruwa mai asid ya bi ta kai sai ya narkar da abin da ke ciki ya tafi da shi: ƙarfe, alminiyam, manganis, a wasu wurare har da dalma da wasu gubobin da suka fi ta sharri.

Masana na da ma'aunin tsami da suke kira pH, mai lamba daga 0 zuwa 14. Ruwan da ba tsami ba kanwa yana kan 7. Ƙa'idar ruwan sha a Nijeriya ita ce daga 6.5 zuwa 8.5. A kula da wannan: duk taki ɗaya da aka sauka ƙasa, tsami ya ninka sau 10. Ke nan ruwan da ke kan 4 ya fi na 7 tsami sau 1,000. Ruwan lemon tsami yana wajen 2. Ruwan da ke fitowa daga ramukan Enugu an sha auna shi a same shi ƙasa da 4. Yawancin kifaye kuwa da ruwa ya sauka ƙasa da 5 ƙwansu ya daina ƙyanƙyasa, in ya kai 4 sai dai a tsinci gawarsu.

Wanda ya je bakin irin wannan rafi, launi ne zai fara ɗaukar idonsa. Duwatsun ƙasan ruwa duk sun koma ruwan goro, wata laka mai santsi ta manne musu, in ka goga yatsa sai ta biyo hannunka. Ciyawar bakin ruwa ta ƙone. Ɗaga dutse ka duba ƙarƙashi, ba tsutsa, ba katantanwa, ba talibambam, balle ƙananan kifi. Lakar nan tsatsar ƙarfe ce da ke sauka yayin da ruwan rami ya gauraya da na rafi, ita ke rufe wuraren da kifi ke zuba ƙwai, ta kashe ƙwarin da yake ci. Da rani kuma, jikin tsibin ƙasar da aka tono kan fitar da wani fari-fari ko rawaya-rawaya mai ɓarɓashi. Wannan gishirin asid ne yake jiran ruwan farko, shi ya sa ruwan shuka na farko ya fi kowanne dafi a irin waɗannan wurare, don shi ke wanke abin da ya taru tun kaka.

Abin da ya fi ba ni tsoro a lamarin shi ne, daf da bakin ramin, inda tsamin ya fi ƙarfi, ruwan kan fito garai-garai har kana hango ƙasa. Ƙarfen bai sauka ba tukuna, yana narke a ciki, kuma babu gansakuka ko ƙwaron da zai iya zama ciki balle ya dagula shi. Bafulatanin da ya iso da shanu cikin ƙishirwar bazara, in ya ga wannan ruwa sai ya yi hamdala.

Har yaushe abin ke ɗauka? A ƙasar Sifaniya akwai kogin da ake kira Riyo Tinto, wato jan kogi. An shafe dubban shekaru ana haƙar ma'adinai a bakinsa, tun kafin zamanin Rumawa, kuma har yau ja wur yake gudana, tsaminsa na wajen 2. A Afirka ta Kudu, a watan Janairun 2012, ruwan sama mai ƙarfi ya wanko ruwan mahaƙan kwal cikin madatsar da garin Karolina ke sha, mutanen garin suka yi watanni suna bin tankar ruwa. A Zambiya kuma, ranar 18 ga Fabrairun 2025, madatsar dagwalon wata mahaƙar tagulla ta fashe, aka ce lita miliyan 50 na ruwan asid ya kwarara zuwa kogin Kafue. Kifi ya mutu, gonaki suka ƙone, aka rufe famfunan birnin Kitwe, har sai da gwamnati ta sa jiragen sama suna zuba farar ƙasa cikin kogi.

(Gajeren kiɗa)

Madalla. Ga wanda bai daɗe da kamo mu ba, muna magana ne a kan ruwan tsami da ke fitowa daga ramukan haƙar ma'adinai. Yanzu mu dawo gida.

Masana duwatsu da suka yi nazarin ƙasar Sakkwato sun raɗa wa shimfiɗun ƙasar wannan yanki sunayen garuruwanmu. Ta ƙasa suna ce mata shimfiɗar Taloka, daga Taloka ta kusa da Goronyo. Ta tsakiya shimfiɗar Dukamaje, daga Dukamaje ta ƙasar Gada. Ta sama kuwa shimfiɗar Wurno. Su ukun a haɗe ana kiransu rukunin Rima. A ƙiyasin masana, wajen shekara miliyan 70 da suka wuce teku ce ta rufe wannan yanki, lakar da ta kwanta a ƙasanta da bakinta ita ce ta zama waɗannan duwatsu. Har ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku aka tono a nan, wadda masanan Italiya suka sa wa suna Goronyosaurus a 1972, don tunawa da Goronyo. Yaran makaranta da ke saurare, ku riƙe wannan, sunan garinku na cikin littattafan kimiyya na duniya.

Abin da ya kawo ni ga wannan tarihi shi ne, inda duwatsun Taloka da na Wurno suka fito a jikin tudu, fari-fari ko ja-ja ake ganinsu. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa ana haƙa rijiyar burtsatse a yankin nan, ya ga yadda in an yi zurfi injin ke feso ƙasa baƙa ko toka-toka. Baƙin nan ragowar tsirran da ne da suka ruɓe a cikin laka, tare da ɓarɓashin fairait. Wato abin da ya tsamar da ruwan Enugu, irinsa na kwance a ƙarƙashin ƙafafunmu, a rufe, bai dami kowa ba.

Allah kuma ya yi mana wata baiwa. A shimfiɗar Dukamaje da duwatsun Dange da Kalambaina akwai dutsen farar ƙasa, wanda da shi ake yin siminti a Kalambaina tun shekarun 1960. Farar ƙasa ita ce maganin asid, in sun haɗu sai ta kashe masa kaifi. Jifsam ɗin nan mai ƙyalli da mata ke tonowa a Dange da Shuni, bayanin da masana ke bayarwa shi ne da yawansa ta haka ya samu: fairait ya yi tsatsa a hankali, asid ɗinsa ya gamu da farar ƙasa, suka haifar da jifsam. Ƙasarmu ta daɗe tana wannan sulhu da kanta, kaɗan-kaɗan, cikin dubban shekaru. Abin da katafila ke yi shi ne ta fito da na dubban shekaru cikin wata guda ta tara shi tsibi, kuma ba lalle inda ta tara ɗin akwai farar ƙasar da za ta tare shi ba.

A nan sai in ja kunne, kada wani ya kashe rediyo ya ce an ce burtsatsen unguwarsu guba ce. Uwargida, kin san ruwan nan da kike tara garai-garai da safe, kafin azahar ya yi ja a bokiti, ya bar tsatsa a gindin randa, ya ɓata farin zane, ya baƙanta shayi? Wannan ƙarfe ne da Allah ya halitta a cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ana samunsa a rijiyoyi masu zurfi da yawa a ƙasar Sakkwato, kuma yawanci ba asid ba ne. In aka bar shi ya sha iska ya kwanta, aka tace da yashi mai tsabta ko ƙyalle, ya wadatar. Wanda nake magana a kai daban ne: ruwan da ke fitowa daga rami ko tsibin ƙasar haƙa, mai ƙona ciyawa, mai kashe kifi.

Wani zai ce to ai ba wanda ya zo haƙa. Masu neman ma'adinai ba su yi nisa da mu ba. A Nijar, kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 na haƙar kwal a Anu Araren ta jihar Agadas, da shi ake ba Agadas da mahaƙan Arlit wuta. A jihar Tawa, maƙwabciyarmu, akwai kwal a Salkadamna, inda aka aza harsashin aikin tashar lantarki a 2014, kuma wannan yanki da namu duk babban kwari ɗaya ne a lissafin masana duwatsu. A jihar Gombe, mahaƙar Maiganga ta ƙaramar hukumar Akko na ba kamfanin siminti na Ashaka kwal, kuma mutanen wurin, waɗanda aka tayar daga tsohon ƙauyensu, sun sha fitowa suna kuka a kan ruwan sha da ƙura da gonaki. Wasu kamfanonin siminti na ƙasar nan sun koma ƙona kwal, duk inda aka ji ƙanshinsa kuwa za a je.

Ko ma ba a sara ko taki ɗaya a ƙasarmu ba, ruwan da muke sha ba a nan ya faro ba. Gulbin Sakkwato da ya bi ta Rabah daga wajen Funtuwa ya taso, ya ratsa Gusau, ya shiga madatsar Bakolori da aka gama a 1978, sannan ya iso mu. Gulbin Rima kuwa haɗakar ruwaye ce: Gagare da ya biyo ta Ƙauran Namoda, Bunsuru da ya biyo ta Zurmi, da Gulbin Maraɗi da ya taso daga ƙasar Katsina ya shiga Nijar ya dawo. Su ukun nan ke cika madatsar Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, mai ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Daga nan ruwan ke sauka fadamun Goronyo da Wurno, ya kai famfunan birnin Sakkwato, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi. Duk abin da aka wanke a sama, mu ne a gangare.

A saman kuwa ana haƙar zinari, a Maru da Maradun da sauran sassan Zamfara, haka ma a ƙasar Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, inda rami ya rufta da masu haƙa a Garin Liman a watan Nuwamban 2021, mutum 18 suka rasu nan take. Jijiyar zinari sau da yawa tare take tafiya da fairait da dutsen dalma. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma ta kamu. Waccan masifa ta ƙura ce, daga niƙan dutse a cikin gida, kuma ruwan Anka da Bukkuyum ba ta Rabah ko Goronyo yake bi ba. Amma ta nuna mana cewa dutsen da ke kawo kuɗi yakan zo da abokin tafiya. Gwamnatin tarayya ta hana haƙa a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disamban 2024. Da halin tsaron da dazuzzukanmu ke ciki, wane jami'i ne zai shiga ya duba inda ake zubar da ruwan wankin dutse da zaibar da ake kama zinari da ita?

Ruwa mai yawa yakan sirka ƙazanta. To amma ku tuna 2018, lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya ja baya har ya rage wajen kashi 10 cikin 100, birnin Sakkwato ya shiga fargaba. A irin wannan shekara, abin da gulbi zai haɗiye da damina ba a ji ba, da rani sai ya nuna a gona.

Malam manomi, ga abin da ruwan tsami ke yi wa fadama. Albasa da tafarnuwa sun fi son ƙasa mai pH tsakanin 6 da 7, ba su da juriyar tsami. Shinkafa ta ɗan fi su haƙuri. In ƙasa ta sauka ƙasa da 5, alminiyam ɗin da ke cikinta ya narke ya ƙone saiwa, sai ka tumɓuke shuka ka ga saiwarta guntuwa ta dunƙule. Sinadarin fosfet da ke cikin takin kamfa kuma ƙarfe ya kama shi ya riƙe, shuka ba ta samu. Ka zuba buhu kan buhu, ganye na ja, kana zargin mai sayar da taki. Injin ban-ruwa da bututun ƙarfe su ma su riƙa hujewa kafin lokacinsu.

Iyaye mata, wannan taku ce. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cutar amai da gudawa, amma ba ya fitar da dalma ko wani ƙarfe, sai ma ya ƙara musu kauri tunda ruwan ke ƙonewa su kuma suna nan. Alif yana kwantar da laka, amma shi kansa da ɗan tsaminsa, ba ya gyara ruwan asid. Ruwan da ya kwanta a ramin haƙa, kome kyansa, kada a sha, kada a dafa abinci da shi, kada a bar yara su yi iyo a ciki, kada a shayar da dabba.

Akwai gyara? Akwai, amma da tsada, kuma ba ya ƙarewa. Ana haƙa magudana a cika ta da dutsen farar ƙasa ruwan ya bi ta kai. Ana yin tafkuna a shuka ciyayi masu jure tsami, ruwan ya ratsa a hankali ƙarfen ya kwanta. Abin dariya, kacalar nan da ke toshe mana magudanan ban-ruwa muna tsine mata, tana cikin ciyayin da ake shukawa da gangan don wannan aiki. Sai dai farar ƙasar kan lulluɓe da tsatsa ta daina aiki, dole a sake, tafkunan kan cika dole a yashe, shekara bayan shekara, alhali kamfanin da ya yi haƙar wataƙila ko sunansa babu. Mafi sauƙi shi ne tun farko kada a bar baƙar ƙasar a sarari. A ware ta, a binne, a danne da yumɓu, a karkatar da ruwan sama daga kanta, a cike rami kafin a buɗe wani. Mai haƙa ya san wannan sarai. Kuɗi ne yake ci, shi ya sa ba ya yi sai an tsare shi.

Wa zai tsare shi? A tsarin mulkin Nijeriya ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, daga Abuja ake ba da lasisi. Wannan ya sa mutanenmu ke ganin in baƙo ya zo da takarda mai hatimi, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce mai neman lasisi ya nemi amincewar mai ƙasa ko wanda ke zaune a kanta. Ta ce kafin a fara haƙa sai an ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin, kuma a riƙa sake duba ta duk bayan shekara 5. Ta wajabta wa mai haƙa gyara wurin bayan ya gama. Dokar 1992 kuma ta ce babban aiki irin wannan sai an yi nazarin illarsa ga muhalli, an baje rahoton jama'a su gani su yi magana. Akwai hukumar NESREA mai sa ido kan dokokin muhalli, kuma doka ta tanadi kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha.

Ranku ya daɗe iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni, a hannunku abin yake fara faɗawa, don ƙofarku baƙo ke fara yin sallama. Abin da na lura da shi a irin waɗannan zama shi ne, magana kan tsaya a kan diyyar gona, da aji biyu na makaranta, da burtsatse, da ɗaukar samari aikin gadi. Duk suna da kyau. Amma burtsatse guda ba ta maye gulbi. A tambayi baƙon, ƙasar da za ka tono ina za ka tara ta? Ruwan da za ka zuƙe daga rami wace ƙorama zai bi? An gwada dutsen an ga ko yana da fairait? In ka gama ka tafi, wa zai ci gaba da kula da ruwan, kuma ina kuɗin yake ajiye? A sa amsar a rubuce cikin yarjejeniya, a kira sarkin ruwa da sarkin noma da arɗo su zauna a wurin, don su ne za su fara gani a jikin dukiyarsu. A gayyato ƙauyukan da ke gangare ma, ko da ba a ƙasarsu za a yi haƙar ba.

Akwai kuma abu guda da ba sai mun jira baƙo ba. A wurare da yawa da ruwa ya lalace, in jama'a suka kai kuka, amsar da suke samu ita ce, da ma can haka ruwanku yake. Su kuwa ba su da takardar da za su nuna yadda yake a da, sai rantsuwa. Mu yau ruwanmu na nan da sauran lafiyarsa, yau ya kamata a auna shi a rubuta. Takardar gwajin pH 'yar ƙarama ce, ana tsoma ta a ruwa ta sauya launi a gwada da jadawali, malamin kimiyya na kowace sakandare ya iya aiki da ita. Gwajin dalma da sauran ƙarafa kuwa sai ɗakin bincike, irin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko ta hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, mai kula da madatsar Goronyo.

Don haka ina kira ga ƙungiyoyin manoman rani da na masunta a Wurno da Rabah da Goronyo, da shugabannin ƙananan hukumomin uku: a zaɓi wurare a bakin gulbi da manyan rijiyoyin gari, a ɗebi ruwa sau ɗaya da rani, sau ɗaya bayan ruwan farko, a kai a auna. A rubuta rana da wuri da sakamako, a ajiye kwafi a fadar uban ƙasa, kwafi a sakatariya, kwafi a hannun ƙungiya. Wanda kuma ya ga kifi na mutuwa ba dalili, ko ƙorama ta sauya launi, ko baƙin fuska na auna daji suna ɗibar ƙasa a buhu, ya sanar da mai unguwa a ranar, kada ya bari sai an haɗu a kasuwa.

Nan za mu dakata a shirin namu na yau. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)